A Hannun Wa Yaron Nan Yake? Jawabi A Kan Aikin Kare Yara A Garin Gombe

Ga cikakken jawabin da wani tsohon jami'in jin daɗin jama'a ya gabatar a gaban taron ma'aikata, masu unguwanni, malamai da shugabannin mata a garin Gombe.

 

An nemi in yi magana a kan yadda ake aikin kare yara a cikin mawuyacin hali. To, maganar tawa duka za ta tsaya ne a kan tambaya guda wadda kowane ma'aikaci ya kamata ya iya amsawa game da kowane yaro da ya biyo ta hannunsa: wane ne shi, a hannun wa yake yau, kuma wa ya je ya gan shi da ido tun bayan da aka miƙa shi? Tambayar kamar mai sauƙi, amma na ga ofisoshi masu kujeru da kabad-kabad cike da fayil waɗanda ba za su iya amsa ta ba.

Yana da kyau mu san inda aikin nan namu ya samo asali, domin akwai wani hali da muka gada tun daga can. A farkon shekarun 1940 ne Gwamnatin mulkin mallaka ta naɗa wani Bature, Donald Faulkner, ya zama jami'in jin daɗin jama'a a Ikko, kuma abin da ya sa aka kawo shi shi ne yaran da suka cika titunan birnin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suna kwana a kasuwa da bakin tashar jiragen ruwa. A 1943 aka yi dokar yara da matasa, wadda Jihar Arewa ta yi irin tata a 1958. Dokar ta kawo abubuwa masu amfani, kamar kotun yara da gidan ajiye su dabam da manya. Amma idon da ta kalli yaro da shi idon mai tsaron gari ne, watau yaron da ke kan titi abin damuwa ne ga jama'a, a kawar da shi a kai shi wani wuri. Dokar 'yancin yara ta Tarayya ta 2003, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, ta juya maganar, ta ce abin da za a fara dubawa shi ne maslahar yaron kansa. An canza doka a takarda, amma har gobe idan aka kira mu, abin da ake cewa shi ne, "Ku zo ku kwashe su."

Garin nan namu kuwa yana da wani matsayi na musamman. Jihar Gombe, tun da aka cire ta daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, ita ce ke tsakiyar Arewa maso Gabas, ta yi iyaka da Borno, Yobe, Adamawa, Taraba da Bauchi. Saboda haka duk abin da ya tashi a maƙwabta, nan yake gangarowa. A 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama Dambuwa, Gwoza, Bama da Mubi ɗaya bayan ɗaya, mun ga manyan motoci suna sauke mata da yara a tashoshinmu, wasu ko takalmi babu. Mu ma wutar ba ta ƙyale mu ba. Bom ya tashi a tashar Gombe Line a ƙarshen Oktoba na 2014, ya tashi a Tashar Dukku ranar 22 ga Disamba, sa'an nan ranar 16 ga Yuli, 2015, ana jajiberin Ƙaramar Salla, ya tashi a Babbar Kasuwa ya kashe kusan mutum 50 cikin masu sayayyar Salla.

Abin da ya bambanta Gombe da Maiduguri a wannan lokaci shi ne, akasarin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa nan ba su zauna a sansani ba. Gari ne ya haɗiye su. Wani ya sami ɗan'uwa a Pantami, wani ya kama ɗaki a Bolari ko Jekadafari, wata aka ba ta zaure a Kagarawal ko Malam Inna saboda Allah. Wannan karamci ne wanda ya cancanci yabo, kuma ya fi wa yara zaman tanti nesa ba kusa ba. Sai dai yana da wani gefe da mu ma'aikata muka sani. A sansani akwai ƙofa, akwai rajista, ana iya ƙirga yara da safe. A cikin gari kuwa yarinya 'yar shekara tara da ta rabu da iyayenta a hanyar Biu, wata mata ta riƙo hannunta har Gombe, tana iya shekara biyar a wani gida ba wanda ya rubuta sunanta a ko'ina. Idan an dace matar ta riƙe ta kamar 'yarta, alhamdu lillahi, kuma sau da yawa haka ake yi. Idan ba a dace ba, ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai talla, 'ya'yan gida suna makaranta ita tana wanke-wanke, ranar da ta fara girma a aurar da ita don a rage baki. Babu wanda ya yi niyyar mugunta tun farko. Talauci ne ya haɗu da rashin mai tambaya.

Neman dangin yaro aiki ne mai cin rai, kuma ina so sababbin ma'aikata su saurara da kyau a nan. Yaro ɗan shekara biyar ko shida bai san sunan ubansa ba, Baba ya sani. Ba ya iya gaya maka ƙaramar hukumarsu. Idan ka zaunar da shi gaban tebur kana riƙe da biro kana jero masa tambayoyi kamar ɗan sanda, zai sunkuyar da kai ya yi shiru, ko kuwa ya gaya maka abin da yake zaton kana so ka ji. Sai an ba shi abinci tukuna, an bar shi ya huce, a sami mai jin harshensa, ko Barbarci ne ko Baburanci ko Margi ko Fulatanci ko Teranci. Sa'an nan a bi da shi a hankali: ranar me kasuwarku take ci? Akwai kogi kusa da ku ko dutse? Me babanka yake nomawa? Wa ke kiran salla a masallacinku? Yaya ake kiran yayarka? Daga irin waɗannan 'yan guntaye ne ake haɗa gari. Direbobin tasha da shugabannin 'yan gudun hijira na kowane gari sun fi kowace kwamfuta amfani a wannan mataki, domin su ne suka san wane ne ya tsira, ya kuma koma ina.

In an sami wanda ya ce nasa ne, to, ba a gama ba, a nan ma hatsarin yake. Kada a miƙa yaro ga mutum don kawai ya zo da kuka ko da babbar riga. A tambaye shi shi kaɗai: wane tabo ne a jikin yaron, wa ya yi masa suna, me ake kiransa da shi a gida? A gwada da abin da yaron ya faɗa. Ranar da za a haɗa su kuma a zuba wa yaron ido fiye da babban, a ga ko ya ruga wurinsa ko ya ɓuya bayan ma'aikaciya. A yi miƙawar a gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Mun ga abin da gaggawa take jawowa a 2020. A watan Afrilu na wannan shekara, saboda annobar korona, gwamnonin jihohin Arewa suka yi shawarar kowace jiha ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. Gombe ta aika da na wasu, aka kuma kawo mata nata, aka killace su a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Amada kafin a sada su da iyayensu. Ma'aikatan da suka kwana a kan wannan aiki, a lokacin da kowa yake gudun kowa, sun yi abin a yaba. Amma mu faɗi gaskiya, a duk faɗin Arewa an loda yara a mota kafin a san ko su wane ne. Wani yaron an tambaye shi garinsu ya faɗi garin malaminsa, domin tun yana ɗan shekara huɗu yake hannunsa. Wani an kai shi gida aka tarar uban ya rasu, uwar ta yi aure a wani gari, babu mai karɓarsa sai kakar da ita ma ciyar da ita ake yi. Annoba na lafawa kuwa, tsangayu suka sake cika. Dalili a fili yake: abin da ya fitar da yaron daga gida tun farko yana nan inda aka bar shi, kuma babu wanda ya koma bayan wata guda ya ga ko yaron yana nan. Rahoto ya nuna an mayar da yara kaza. Rahoton bai nuna nawa ne suka kwana wata uku a gidan ba.

A nan ina so in yi wa malamanmu na tsangaya magana, Allah ya gafarta malam, da ladabi. Ba mu zo don mu raina karatun allo ba, yawancinmu da shi muka fara. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman domin ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma muna fatan ta yi tasiri. Amma akwai abin da ba sai an jira Abuja ba. Littafi guda na 'yan nairori ya isa malam ya rubuta sunan kowane almajiri, sunan mahaifinsa, garinsu, sunan dagacinsu, da lambar wayar wani nasa. Ranar da yaro ya fita bara bai dawo ba, ko mota ta buge shi aka kai shi Asibitin Ƙwararru ba ya iya magana, wannan littafi ne zai fitar da malam kunya. Uban da ya kawo yaro ya ƙi barin lambar waya kuwa, ya nuna abin da ke ransa, kuma malam yana da ikon ya ce ba zai karɓa ba.

Amfanin rubutu ya ƙara fitowa a maganar satar yara. Kowa ya tuna Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara 'yan Kano a Onica, an canza musu suna, har Babbar Kotun Kano ta ɗaure jagoran masu satar shekara 104 a 2021. A garin nan ma akwai iyayen da 'ya'yansu suka fita wasa ƙofar gida ba su dawo ba. Ku duba wahalar: an sace yaro yana shekara biyu, an gano shi yana shekara shida, ya manta Hausa, ya manta sunansa, yana kiran wata Mama. Uwa ta zo ta ce nata ne. Ina takardar haihuwa? Babu. Ina hoto? Babu. Sai a koma gwajin jini, mai tsada da ɗaukar lokaci, yaron kuwa yana zaune a gidan marayu ana jira. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba ado ba ce, iyayenmu mata, ku riƙa karɓa tun kafin a yi suna in da hali. In kuma ƙara da cewa kada wannan magana ta zama ta ƙabila. Baƙo ba ya shiga lungun Herwagana ya ɗauki yaro sai da ɗan gari, sau da yawa ma wanda yaron ya saba da shi har yake karɓar alewa a hannunsa.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi kowanne nauyi a bakin ma'aikaci, watau fyaɗe da lalata da ƙananan yara. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi bincike a duk faɗin Nijeriya. Aka gano cewa cikin yara goma, shida sun gamu da wani nau'i na cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an yi musu lalata ko an nemi yi. Waɗanda suka sami wani taimako kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Binciken ya kuma tabbatar da abin da kowace ungozoma ta sani, mai yin abin galibi wanda yaron ya sani ne.

Saboda wanda aka sani ne, sai maganar ta faɗa hannun sulhu. Iyayenmu masu unguwanni, ni ba mai ƙin sulhu ba ne. Da sulhunku ne ake kashe rikicin gona da bashi da na ma'aurata, in ba don ku ba da kotuna sun cika sun batse. Amma laifin da aka yi wa yarinya 'yar shekara bakwai ba bashi ba ne da uba zai yafe. Yadda abin yake tafiya mun san shi. Da dare dangin mai laifi za su zo da dattijo, a ce a rufa asiri, yarinya ce, in magana ta fita wa zai aure ta? A ajiye kuɗin magani a tabarma. Gari na wayewa uban da ya zo ofis jiya yana huci sai ya ce ya janye, ya bar wa Allah. Asirin da aka rufa na mai laifi ne, shi kuwa yana nan a unguwar, kuma akwai wasu yaran. Ma'aikaciyar da ta nace sai a ce ita ce mai tonon silili. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Akwai abin da dole kowa a ɗakin nan ya riƙe da ka, ko da ya manta sauran jawabina. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72, watau kwana uku. Duk daren da aka ɓata ana taron dangi, daga cikin kwana ukun nan ake cirewa. Saboda haka asibiti ne farko, kafin caji ofis, kafin zauren mai unguwa. Kada a yi wa yarinyar wanka, kada a wanke tufafinta, domin shaidar da likita zai rubuta ita ce za ta tsaya a gaban alƙali ranar da manya suka fara canza magana. Kada kuma a sa ta maimaita labarin ga mutum goma. Mutum ɗaya ya saurara, mace in yarinya ce, ya rubuta da kalmominta, ba tare da ya sa mata magana a baki ba.

Wani sabon ciwo kuma ya shigo da wayar hannu. Da an tsinci jariri a kwari, ko an kama wanda ya ɓata yarinya, kafin ma'aikaci ya iso hoton yaron ya gama Facebook da WhatsApp, wani lokaci ma jami'ai ne suke jeruwa a ɗauke su tare da shi. Yaron nan zai girma, hoton kuwa ba ya gogewa.

Idan ya tabbata gida ba shi da aminci ga yaro, ina za a kai shi? Mutane suna zaton gidan marayu ne amsa. Gidan marayu wurin saukar gaggawa ne, kuma komai kyawunsa ma'aikaciya ɗaya ba ta zama uwa ga yara ashirin. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tsara wannan a babin reno: uwa ce farko, sa'an nan kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, a bi dangi daki-daki, da sharaɗin mai riƙon ya zama amintacce mai iyawa. Suka kuma ce ɗaukar yaron da aka tsinta farilla ce a kan al'umma, in wasu sun yi ta sauka a kan saura, in an bar shi kowa ya yi laifi. Abin da littattafan aikinmu na zamani suke koyarwa ke nan, a nemi dangi kafin a nemi gini. Abin da za mu ƙara kawai shi ne komawa. Kaka tana iya karɓar jika da zuciya ɗaya alhali ba ta da mudun hatsi, kuma ba za ta zo ofis ta faɗa ba.

Ba zan tsawaita a kan 'yan Kalare ba, kowa a nan ya san su tun wajen zaɓen 2003, har ƙungiyar Human Rights Watch ta ba su babi a rahotonta na 2007. Abin da ya shafe mu shi ne, cikin waɗanda ake kamawa akwai 'yan shekara 14 da 15. Makarantun horon matasa na Tarayya suna Kakuri a Kaduna, da Ilori da Abekuta, duk nesa da mu. Yaron da aka kulle ɗaki ɗaya da manyan ɓarayi wata shida yana jiran shari'a, ya shiga da wuƙa ɗaya, zai fito da sana'a. Aikin ma'aikaci ne ya isa caji ofis tun ranar farko, ya tabbatar da shekarun yaron, ya nemo uba ko kawu da zai tsaya masa.

Game da mu kanmu ma'aikata, a ƙarshen 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da wannan sana'a a Nijeriya, abin da ƙungiyarmu ta daɗe tana nema. Wannan ci gaba ne, domin zai raba wanda ya koyi aikin da wanda ya buɗe ƙungiya don ya ji ana rabon kuɗi. Amma doka ba ta zuba mai a babur. Na san ma'aikatan da suke biyan kuɗin Keke Napep daga aljihunsu don su kai yarinya asibiti, su biya kati, su saya mata abinci, sa'an nan su koma kwana a unguwa ɗaya da wanda suka kai ƙara. Ziyarar bin sawu ita ce abu na farko da ke mutuwa idan babu kuɗin mota, ita ce kuma ba ta fitowa a hoto, shi ya sa masu tsara kasafi ba sa ganin ta. Ina roƙon shugabanninmu na ma'aikata da na ƙananan hukumomi su ware mata layinta dabam a kasafin kuɗi, komai ƙanƙantarsa. Su kuma riƙa zama da ƙananan ma'aikata ko sau ɗaya a wata ana duba fayil tare, domin yarinya 'yar shekara 25 da ta fito daga makaranta jiya bai kamata ta yanke shawarar raba ɗa da uwa ita kaɗai ba, kuma abin da take gani yana hana ta barci ko ba ta faɗa ba.

Abin da nake nema daga wannan taro, ranku ya daɗe, shi ne kowane mai unguwa ya buɗe littafi na yaran da ke zaune a unguwarsa ba tare da uwa ko uba ba, na riƙo ne, ko na gudun hijira, ko 'yan aikatau da aka kawo daga ƙauye. Littafin ya zauna a hannunsa, ba mai buɗe shi sai shi da jami'in jin daɗin jama'a na yankin. Mu kuma mu ɗauki alkawarin duk yaron da muka miƙa wa wani za mu koma mu gan shi bayan mako biyu, da bayan wata uku, da bayan wata shida, mu gan shi shi kaɗai ba a gaban mai riƙonsa ba, mu rubuta kwanan watan. In shugaban taro ya amince, a fara da unguwanni biyu ko uku, mu dawo nan bayan wata shida da littattafan a hannu a duba.